Ruwa, Mizani da Ajali

A cikin dukan abin da ɗan Adam yake miƙa wa ɗan'uwansa hannu da hannu, babu wanda al'ada da shari'a suka haɗu a kan girmama shi kamar ruwan sha, domin kuwa shi ake fara kawo wa baƙo tun ba a tambaye shi gajiyar hanya ba, shi ake girkewa a randa a ƙofar masallaci saboda mai wucewa, kuma shayar da shi yana cikin sadakokin da hadisai suka fifita, har aka ruwaito labarin bawan da aka gafarta masa saboda kare mai ƙishirwa da ya shayar. Wanda ya tashi cikin wannan tarbiyya ba ya iya ganin mutum leɓensa ya bushe sa'an nan ya janye moɗa daga gabansa, face ya ji a ransa kamar ya aikata zalunci. Amma ga shi a wannan zamani an sami wata jama'a, maza da mata, dattijai da samari, waɗanda ƙodojinsu suka daina aiki aka jingina rayuwarsu ga injin wankin ƙoda, waɗanda kofi biyu ko uku da aka riƙa ƙara musu don jinƙai suna iya zama sanadin kwasarsu zuwa asibiti da tsakar dare suna kokawa da numfashi, kuma waɗanda, in an tsananta wajen janye ruwan daga jikinsu, nan ma jini ya faɗi zuciya ta raunana. Wannan hali ya wajabta wa mai tunani tambayoyi biyu da ba na likita kaɗai ba ne: shin alherin ni'ima a cikin zatinta yake ko a cikin gwargwadonta, kuma in a gwargwado yake, to a wuyan wa aka rataya riƙon ma'aunin?

Mai lafiya bai san wannan mas'ala ba, saboda ana warware masa ita dare da rana ba da saninsa ba. Jikin namiji baligi kusan kashi 60 cikin ɗari ruwa ne, watau mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin lita 42, mafi yawansu a ɓoye cikin tsoka da sauran gaɓoɓi, wanda kuwa yake gudana a matsayin ruwan jini kimanin lita 3 ne kawai. Masu tsaron wannan taska ƙodoji ne guda biyu, kowace nauyinta wajen giram 150, kowace kuma da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, waɗanda suke tace kimanin lita 180 a yini da kwana, su mayar wa jini kusan dukansa, su saki lita ɗaya da rabi ko kusa da haka ya zama fitsari. In mutum ya sha da yawa sai su saki, fitsari ya yi fari ya yawaita; in ya yini a rana da bazara sai su tsuke, ya yi ja ya ƙaranta; haka nan suke yi da gishiri, su zubar da rarar abin da aka ci su riƙe abin da jiki yake bukata. Mutum yana barci, ko yana ciniki, ko yana tsaye a sahun salla, ana yi masa wannan hisabi mai zurfi ba tare da niyya ko lissafi daga gare shi ba, kuma ni dai ban san wata aya a jikin ɗan Adam da ta fi wannan nuna cewa an gina halitta bisa aunawa da ƙaddarawa ba.

To, idan hawan jini, ko ciwon suga, ko wata cuta ta cinye waɗannan matatai har fitsari ya ragu ya kusa ɗaukewa, ruwan da aka sha ba ya da sauran mafita sai ɗan abin da yake fita ta gumi da numfashi da bayan gida. Sai ya fara taruwa, ƙafafu su kumbura, jini ya hau, zuciya ta dinga tura kayan da ya fi ƙarfinta har bangonta ya yi kauri, daga bisani ruwan ya hau huhu, mutum ya kasa kwanciya sai dai ya kwana a zaune. Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya shige babu abin da likita zai yi wa mai wannan hali sai sauƙaƙa masa wahala. A shekarar 1943, lokacin da sojojin Jamus suke mamaye da Holand, wani likita mai suna Willem Kolff ya harhaɗa wani inji a garin Kampen, da ganga mai juyawa da siririyar leda irin wadda ake ɗura niƙaƙƙen nama a ciki, jinin majiyyaci yana bi ta cikin ledar ita kuma tana nutso cikin ruwan magani, dattin jini yana tsallakawa. Mafi yawan waɗanda ya fara gwadawa a kansu ba su tashi ba, sai a 1945 wata tsohuwa mai shekara 67 ta farfaɗo daga suma ta rayu. Amma injin Kolff bai isar wa wanda ƙodarsa ta mutu ɗungum ba, domin kowane wanki yana lalata jijiyar da aka shiga ta cikinta, sai a 1960 wani likita mai suna Belding Scribner a birnin Siyatil na Amurka ya ƙirƙiro wani ɗan bututu da ake barinsa a hannu ana komawa gare shi, kuma majiyyacinsa na farko, Clyde Shields, ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Tun a kan wannan mutum Scribner ya lura cewa mugun hawan jininsa ya sauka ne da aka rage masa gishiri aka kuma janye rarar ruwan jikinsa.

Sai dai wajibi ne a lura da abin da injin ya bayar da abin da bai bayar ba. Mako guda awa 168 ne, kuma ƙoda mai lafiya ba ta hutun ko ɗaya daga cikinsu. Injin kuwa, inda abubuwa suka daidaita, ana hawansa sau uku a mako, awa huɗu huɗu, watau awa 12 ke nan. Sauran awa 156 jiki yana tara abin da ya shiga ne babu mai kwashewa. Saboda haka a ƙofar kowane ɗakin wanki akwai sikeli, ana auna mutum in ya shigo a kuma auna shi in zai fita, kuma kowane kilo da ya ƙaru tsakanin wanki da wanki lita ɗaya ce ta ruwa. Galibi akan ce masa ya sha gwargwadon fitsarin da ya yi jiya tare da ƙarin rabin lita ko sama da haka kaɗan, a cikin wannan kuwa har da kunu da koko da romon miya da kankana. Hisabin nan da ake yi wa mai lafiya a ɓoye ya fito fili, ya zama amana a hannun bayi masu mantuwa da gajiya: majiyyacin kansa, da mai dafa masa abinci, da ma'aikaciyar jinya, da likita, da kuma wanda zai biya kuɗin.

Abin da ƙetare iyaka yake jawowa an ƙididdige shi. A 2009 wani mai bincike mai suna Kalantar-Zadeh da abokan aikinsa suka bi bayan majiyyata 34,107 a Amurka, suka ga cewa waɗanda suke zuwa da ƙarin kilo 4 ko fiye tsakanin wanki biyu, haɗarin mutuwarsu ta hanyar ciwon zuciya da jijiyoyin jini ya fi na masu ƙarin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Amma a cikin wannan bincike akwai wani abu da ya kamata mai gaggawar hukunci ya tsaya a kansa, shi ne cewa da aka dubi alƙaluman tun ba a tace su ba, sai aka ga kamar masu yawan ƙarin nauyi ne suka fi daɗewa, saboda su ne suka fi ƙuruciya da cin abinci da ƙarfin jiki, kuma cutarwar ruwan ba ta bayyana ba sai da aka gwada kowa da tsaransa a shekaru da lafiya. Ma'anar wannan ita ce, mutumin da ya hau sikeli aka ga bai ƙara komai ba, mai yiwuwa ne mai kiyayewa ne, mai yiwuwa ne kuma ya daina cin abinci ne yana ramewa. Lamba ɗaya tana ɗaukar fassara biyu, kuma wanda ya yaba masa ba tare da ya tambayi abin da ya ci ba, la'alla ya yaba wa abin da zai kashe shi. A 2011 kuma Robert Foley da jama'arsa suka duba mutum 32,065, masu wankin Litinin da Laraba da Juma'a ko Talata da Alhamis da Asabar, suka sami cewa ranar da ta biyo bayan dogon hutun ƙarshen mako ta fi sauran ranaku yawan mutuwa, 22.1 a kan 18.0 a lissafin mutum ɗari cikin shekara, domin a wannan tazara ce ruwa da sauran abubuwan da ƙoda take fitarwa suke kai wa matuƙarsu. Wannan tsari na kwana uku a mako an gina shi ne a kan kalandar aiki da hutun ma'aikata da kuɗin da ake da shi, jiki kuwa bai san Asabar ba bai san Lahadi ba.

Mai karatu zai ce, to ai magani a bayyane yake, duk abin da ya taru a janye shi. A nan ne mas'alar ta yi wuya. Injin ba ya kai hannu ga ruwan da yake kwance cikin ƙafafu da ciki da huhu, jini kaɗai yake iya taɓawa, shi kuwa ruwan da yake cikin tsoka a hankali yake tsattsafowa zuwa jijiyoyi don ya maye gurbin wanda aka ɗebe. Misalinsa misalin rijiya ce mai ƙaramin ido, wadda in mai guga ya yi haƙuri zai cika tulunansa duka, in kuwa ya yi ta zurawa ba ƙaƙƙautawa sai ya tarar da laka, alhali ƙasar da take kewaye da rijiyar cike take da ruwa. Mutumin da za a cire masa lita 3 ko 4 a cikin awa huɗu, an cire masa kwatankwacin dukan ruwan jininsa ke nan, kuma in tsattsafowar ba ta riski ɗiban ba sai jini ya faɗi, jijiyoyin ƙafa su ɗaɗɗaure, jiri da amai su taso, har wani ya suma, ma'aikaciyar jinya ta tsayar da janyewa ta mayar masa da ruwan gishiri, ya koma gida da wani sashe na abin da ya zo a raba shi da shi. Wata mai bincike, Jennifer Flythe, ta nuna a 2011 cewa janye fiye da mililita 13 a kowane kilo na nauyin jiki cikin awa guda yana tare da ƙarin mutuwa. Christopher McIntyre da mutanensa a garin Derby na Ingila sun ɗauki hoton zuciya ana tsakiyar wanki, suka ga cewa a wajen kashi biyu cikin uku na majiyyatansu wasu sassa na tsokar zuciya suna sanyi su rage bugu saboda ƙarancin jinin da yake isa gare su, abin da in ya yi ta maimaituwa yakan zama rauni tabbatacce. Daɗin daɗawa, kowace faɗuwar jini tana ƙara kashe ɗan abin da ya saura na ƙodar, wannan saura kuwa, komai ƙanƙantarsa, dukiya ce: Joanne Bargman ta ruwaito a 2001, a kan majiyyatan Kanada da Amurka waɗanda ake yi wa wanki ta hanyar zuba ruwan magani a cikin ciki, cewa kowane mililita 250 na fitsari da mutum yake iya yi a yini yana tare da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 36 cikin ɗari.

Tsakanin waɗannan ramuka biyu akwai wata gaɓa da likitoci suke kira busasshen nauyi, watau nauyin da in mutum ya sauko kansa babu rarar ruwa a jikinsa kuma jininsa bai faɗi ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani a farkon littafinsa Alƙanun cewa daidaiton da likita yake nema a jiki ba daidaiton kashi da kashi ba ne, a'a, shi ne kowane jiki ya sami rabon da ya dace da shi, kuma wannan rabo yana saɓawa daga mutum zuwa mutum, daga ƙasa zuwa ƙasa, daga ƙuruciya zuwa tsufa. Ilimin ɗabi'o'i huɗu da ya gina maganarsa a kai ya shuɗe, amma wannan fahimta tasa tana nan daram a ɗakin wanki. Busasshen nauyi ba a rubuce yake a goshin kowa ba, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: in majiyyaci ya yi jinya ya zubar da kilo biyu na tsoka, alhali lambar da take cikin katinsa ba ta canja ba, to kilo biyun nan ruwa ne ya maye gurbinsu a ɓoye; in kuwa cin abincinsa ya dawo ya yi ƙiba, aka nace sai an mayar da shi tsohuwar lamba, to ana tatsar jikin da babu rara a cikinsa. Likita yana danna idon sawu, ya dubi jijiyar wuya, ya saurari huhu, ya bi awon jini na makonni, a wasu wurare kuma akwai na'urar da take kimanta ruwan jiki ta hanyar ratsa shi da ɗan lantarki marar cutarwa. Da irin wannan na'ura Carmine Zoccali ya bi mutum 39,566 a ƙasashe 26, ya bayyana a 2017 cewa rarar ruwa mai daɗewa tana tare da ƙarin mutuwa har ga waɗanda jininsu bai hau ba. Duk da haka abin da ake samu zato ne mai rinjaye, bai kai yaƙini ba, kuma malaman usulu sun daɗe da sanin cewa hukunce-hukunce masu yawa a kan rinjayen zato aka gina su, da sharaɗin mai ijtihadi ya sake dubawa duk sa'ad da alamu suka sauya. Laifin likita a nan, in akwai shi, shi ne ya mayar da zaton bara ya zama nassi.

A nan wani mai tsoron Allah zai ɗaga murya ya ce: mene ne amfanin duk waɗannan alƙaluma, tun da ajali rubutacce ne, ba ya gabata ba ya jinkirta, kuma mun ga mai kiyayewa ya riga mai sakaci tafiya? Wannan tambaya ba ta raini ba ce, kuma majiyyata da yawa da ita suke lallashin zukatansu idan ƙishirwa ta yi tsanani. Amsarta tana cikin abin da ake karantarwa a zaurukanmu tun kafin a ƙera injin. Imam Sanusi na Tilmisan ya raba hukunci gida uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, kuma ya bayyana na al'ada da cewa shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu saboda maimaituwar ganinsu tare, tare da yiwuwar saɓawa, ba kuma don ɗayan yana da tasiri a karan kansa ba. Ƙididdigar likitoci duka daga wannan babi take. Ba ta ce wane zai mutu ran Litinin ba. Abin da ta ce shi ne, Allah ya gudanar da al'adarsa a kan cewa jama'ar da ruwa ya yi musu yawa, ko aka fizge shi daga jikinsu da gaggawa, mutuwa ta fi yawa a cikinsu. Wanda ya ƙudurce cewa lita ce take kashewa da ikonta ya yi kuskure a aƙida, wanda kuma ya yi watsi da al'adar da Mahalicci ya gudanar yana mai da'awar tawakkali ya yi kuskure a ladabi da shari'a. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga wani wuri mai suna Sarg da ya ji annoba ta sauka a Sham, kuma da Abu Ubaida ya yi masa magana a kan ƙaddara, ya nuna masa cewa juyawar ma a cikin ƙaddara take. Wanda ya rubuta ajali shi ne ya rubuta sababin da ake isa gare shi ta kansa, bawa kuwa an ɓoye masa na farko an kallafa masa na biyu, kuma a kan na biyun za a tambaye shi.

Sai dai wane bawa? Nan ne nake ganin ana yawan tauye wa majiyyaci haƙƙi. Ya hau sikeli an ga kilo huɗu, sai faɗa ya tashi, a ce ba ya jin magana, ba shi da haƙuri, shi yake kashe kansa. Alhali ƙishirwa ba sha'awa ce irin ta marmari da ake karya ta da horon rai ba. Ƙararrawa ce da aka dasa a ƙwaƙwalwa, wadda take kaɗawa da zarar kaurin gishirin jini ya ƙaru da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma ba ta yin shiru sai an tsarma shi. Likitocin ƙoda sun kimanta cewa kowane giram 8 na gishiri da marar fitsari ya ci yana jawo masa shan kimanin lita ɗaya. Saboda haka wanda aka ciyar da shi miya mai gishiri da dunƙule uku da kanwa, aka bi da kilishi ko tsire da yajinsa, ko burodi da kifin gwangwani, sa'an nan aka ce kada ya sha ruwa, an ɗora masa abin da ya yi kusa da wanda ba a iyawa, shari'a kuwa ba ta kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran masu lafiya ma su tsaya ƙasa da giram 5 a yini, dunƙulen miya kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Mai ciwon suga da sugansa ya hau, shi kuma ƙishirwarsa ninki ce. Haƙurin da ake nema, ashe, rabinsa a tukunya yake, watau a hannun uwargida da 'ya'ya da duk wanda ake cin tuwo da shi a akushi ɗaya, kuma gidan da ya yarda ya rage gishirin miyarsa gaba ɗaya saboda mutum guda ya ɗauke masa nauyin da wa'azi ba zai ɗauke ba. (A kiyayi gishirin kanti da ake tallarsa a matsayin madadin gishiri, domin galibinsa da sinadarin fotasiyam aka yi shi, wanda taruwarsa a jinin marar ƙoda tana iya tsayar da zuciya.)

Ɗaya rabin haƙurin kuwa lokaci ne. A wani ƙaramin gari mai suna Tassin kusa da Liyon a Faransa, likitoci biyu, Guy Laurent da Bernard Charra, sun ƙi bin sauran duniya wajen gajarta wanki, suka tsaya a kan awa takwas sau uku a mako, da abinci mai ƙarancin gishiri, da neman busasshen nauyi sannu a hankali. A rahoton da suka fitar a 1992 a kan majiyyata 445, kashi 87 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar, kashi 75 bayan goma, kashi 43 bayan ashirin, kuma kusan dukansu jininsu ya daidaita ba tare da ƙwayar hawan jini ba. Gaskiya ne mutanensu sun fi na yanzu ƙuruciya da ƙarancin ciwon suga, saboda haka ba a ɗaukar alƙalumansu a ɗora wa kowa. Amma ba su da wani inji na daban ko wani sirrin magani, abin da suka ba majiyyaci shi ne awa 24 a maimakon 12, yadda ruwa zai fita a saurin da jiki yake iya sakinsa.

Idan haka ne, sai mu dubi halin ƙasashenmu na Afirka da idon adalci. Mafi yawan masu wanki a nan daga aljihunsu suke biya, kowane zama da kuɗinsa, saboda haka mutum yakan fara da sau biyu a mako, ya koma sau ɗaya, ya koma sai ran da numfashi ya gagara aka yi karo-karo a dangi, bayan an sayar da gona ko shanu ko fili. Gloria Ashuntantang, likitar ƙoda daga Kamaru, ta tattara rahotannin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ta wallafa a 2017, aka ga fiye da takwas cikin goma na manyan da suka fara wanki saboda mutuwar ƙoda sun daina, dainawa kuwa a wannan ciwo an san ƙarshenta. A ƙaddara mutum mai kilo 60 da ya yi mako guda bai hau inji ba, a watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Gashuwa, inda wannan ciwo ya addabi jama'a, ya zo da ƙarin kilo 6, kuɗinsa na awa huɗu ne. In an janye duka, lita ɗaya da rabi ke nan a kowace awa, watau mililita 25 a kowane kilo, kusan ninki biyu na iyakar da aka ambata. In an tsaya a iyakar, zai koma gida da kusan rabin ruwan. Likita mafi ilimi a duniya ba shi da zaɓi na uku da zai ba shi, kuma babu adadin haƙurin da zai mayar da zama ɗaya ya zama uku. Wanda ya tsaya a kan wannan bawan Allah yana yi masa faɗan shan ruwa ya bar babban sababi ya kama ƙarami.

Mutanen Siyatil sun gamu da wannan ƙunci a 1962, sa'ad da injuna suka yi kaɗan masu bukata suka yi yawa, har aka naɗa kwamitin mutum bakwai, cikinsu da limamin coci da lauya da matar aure, suna zaɓen wanda za a ɗora a kan inji bisa duba iyalinsa da sana'arsa da matsayinsa. Da labarin ya fito a mujalla hankalin jama'a ya tashi, kuma a 1972 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ɗora kuɗin wankin ƙoda a kan baitulmalin ƙasa. A wurinmu babu kwamitin da yake zama, amma zaɓen yana gudana kullum, talauci ne yake yin sa, kuma rashin ganin fuskar mai zaɓen bai sauke wa kowa alhaki ba. Imam Gazali ya lissafa kiyaye rai a cikin larurori biyar da shari'a ta zo don tsare su, ya kuma sanya ilimin likitanci a cikin farillan kifaya, waɗanda in babu mai tsayuwa da su dukan al'umma ta yi laifi, har ya yi kuka da garuruwan zamaninsa da suka cika da masu fiƙihu babu likita Musulmi ko ɗaya. Ban ga yadda za a ce koyon likitanci farilla ne a kan jama'a, sa'an nan a ce samar da abin da likita zai yi aiki da shi nafila ce ba.

Magabata sun san hanyar sauke irin wannan nauyi, ita ce waƙafi. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ya daɗe yana jinyar mai kuɗi da matalauci kyauta, ba don girman gininsa ba, sai don kadarorin da aka tsayar masa waɗanda kuɗin shigarsu yake biyan likitoci da magunguna da abincin majiyyata shekara bayan shekara. Mawadatanmu, Allah ya saka musu, sukan sayi injin wanki su kai asibiti, a yi taro a yi addu'a. Amma inji shi kaɗai ba ya wanke kowa. Kowane zama na awa huɗu yana cin matata sabuwa da bututai da allurai da maganin hana jini daskarewa, yana cin tataccen ruwa wajen lita 120, yana bukatar wutar da ba za ta ɗauke ba, da ma'aikaciyar jinya da ta ƙware wadda aka biya ta albashin da zai zaunar da ita, da mai gyara in ya lalace. Mai niyyar waƙafi a wannan babi, da hukumomin zakka na jihohi, ya kamata su tsayar da shaguna ko gidajen haya ko gonaki da sunan ɗakin wanki, a rubuta a takardar waƙafin cewa amfaninsu na waɗannan kayayyaki ne, da man janareta, da kuɗin motar majiyyacin da yake tasowa daga ƙauye, da biyan zama na biyu da na uku a mako ga wanda ƙarfinsa bai wuce na ɗaya ba.